Ni Na Ba Shi Sunayen

Ranar Alhamis ce, safiyar kasuwa. Na share tsakar gida, na baza ganyen albasa bisa tabarma, ina jiran shi yi laushi in daka gabu. Maigidana Isuhu shina zaure shina shan kunu. Fatoma ne, 'yan albasa na ƙetaren gulbi gidanmu suke sauka, su da kayansu. Ranar nan baƙon ƙetare guda gare mu, wani tsoho ɗan Gaya ta Nijar, Baba Sanda. Kurkunu ya kumbura mishi ƙafa, ko bayan gida sai an riƙa shi.

Muna da wani baƙon kuma. Soja ba su daɗe da karɓe mulkin Dahome can kudu ba, sai Nijar ta kori ma'aikatan Dahome da ke ƙasarta. Mota-mota anka dinga zube su bakin gadar garinmu Malanville, malaman lakol, wato makarantar boko, da akawuna da masu allura, da matansu da akwatunansu. Wallahi mun ji tausai. Isuhu ya ɗauko ɗaya ya ba shi ɗaki. Mushe muke ce mishi, yadda ake kiran mai boko da Faransanci. Mai tabarau, farar riga kullum a goge. Ba shi ci sai da cokali, ba shi taɓa kwano sai ya wanke hannu da sabulu. Har faɗa shike yi mini don ɗiyata Hajo na shan ruwan gulbi ba a dafa ba. Ya ce ba mu waye ba tukun, amma za mu waye.

A unguwarmu in gida ya yi baƙo, maƙwabta na aiko kwano. In baƙo ya tambayi mai kwano sai a faɗa mishi, don shi je shi yi godiya. Mushe kullum sai ya tambaya da guntuwar Hausarshi, kwanon wa ne wanga, asalinshi ina. Ni ko sakarya, baki har kunne: wanga na gidan Mamman ne, kakanshi daga Dosso ya zo, wancan na Inna Dije ne, 'yar Gaya ce. Shina rubutawa cikin ɗan littafi irin na 'yan lakol, rubutu tsaf. Har na ce kai, ilimi da daɗi, dubi yadda mutum ke adana alheri.

Da hantsi labari ya shigo kasuwa, wai wata mata cikin korarrun ta rasa jariri bisa hanya, sojan ƙetare sun hana ta ruwa. Ko gaskiya ne ko ƙarya, har yau ban sani ba. Wajen ƙarfe sha ɗaya ƙarar turame ta ɗauke a unguwa. Sai kukan awaki. Can munka ji usur daga wajen tasha, sau uku, sa'annan ihu.

Na leƙa ta zana. Taro ne ya cika lungu, da sanduna da ƙarfen cire taya. Ba 'yan iska ba ne fa. Masu takalmi ne da agogo, gami da 'yan dakon gari waɗanda na sha ba fura kyauta. Jandarma biyu na gindin iccen bedi suna kallo. Gaban taron Mushe ne, littafi buɗe a hannu. Shina karanta sunayen masu asalin Nijar da ƙarfi, gida-gida, kamar mai kiran yara a aji.

"Gidan Mamman! A fito da shi!"

Na ji an fasa ƙyaure. Na ji muryar Mamman sau biyu, ban ƙara ji ba. Awakinshi ma ba su tsira ba. Sarar su anka yi, ba yanka ba, anka bar su nan cikin ƙasa. Kura dai in ta kashe ci take yi. Waɗannan ko yunwa ba su ji, mun ƙosar da su.

Isuhu ya tura ni ƙofar baya.

"Ɗauki Hajo, ki yi gulbi!"

Na riƙe mishi riga, ya fizge. Fatoma ba shi fita gida shi bar baƙo ciki. Haka ubanshi ya yi, haka kakanshi.

Na goya Hajo, yarinya mai shekara biyar, na bi ta fadamar shinkafa. Laka har gwiwa. Da na waiga, hayaƙi ya tashi wuri huɗu, kuma duk huɗun daga bakina sunayensu sunka fito. Azahar ta yi, ba wanda ya kira salla. Wani masunci ya ɗauke mu, mu tara cikin jirgin mutum biyar, ruwa na lasar bakin jirgi. Da munka ƙetare soja sunka zaunar da mu cikin rana har la'asar, wai mu 'yan Dahome ne.

Kwana biyu ina zaune bakin ruwa ina duba kowane jirgi. Rana ta uku da hantsi anka sauko da Baba Sanda, shi kaɗai. Ya ce Isuhu ya goyo shi har cikin ciyawar burgu ya ɓoye shi, sa'annan ya koma. Na ce ya koma yin me? Ya ce rufe ɗakin kayan baƙi, wai buhunan mutane na ciki, amana ce.

Albasa! Allah shi gafarta mini, ranar nan na zagi Isuhu gaban jama'a. Na kira sunanshi gatsal, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu, na ce ka kyauta, ka bar mu don albasar wani.

Ba a ga gawa ba. Daga baya na ji an ce Mushe ya zama babba a kudu, har ana gayyatar shi wurin taro shi yi wa mutane magana kan tarbiyya.

An yi sadakar bakwai ta Isuhu cikin wata rumfar aro a Gaya. Na daka gumba da geron da wata tsohuwa ta sam mini. Mutumin da zaurenshi ke cika maƙil kowace kasuwa. Na tsaya bayan zana na ƙirga masu addu'a. Su biyar ne, har da liman.