Layi Uku da Suka Ƙi Shiga Shafi

"Malam, don Allah ka rage girman rubutun kawai ya shige."

Abin da na ce wa Malam Isiyaku ke nan, dattijon da ke buga takardu a wani ɗan shago a Kusfa. Tsakuren kundina, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a gaba, ya zarce shafi da layi uku. Dokar sashenmu a jami'a sakin layi ɗaya ne a shafi ɗaya, kuma ranar ce ta ƙarshe ta miƙa kundi. In ta wuce ni, sai baɗi.

Bai yi gaggawa ba. Ya gyara tabarau ya karanta tun daga farko. Na buɗe tsakuren ne da godiya ga Allah, da salati, da addu'a ga Innata da ta rasu ina tsakiyar karatun.

Ya ce, "Hajiya, in na matse haruffan, daga nesa za a gane. Addu'ar nan ce ba a wurinta take ba."

Raina ya sosu. "Malam, Innar tawa zan cire?"

"Wa ya ce ki cire? Tsakure zaure ne, nan baƙo ke tsayawa. Uwa kuwa ba a ajiye ta a zaure, ɗakinta ake kai ta."

Ya kwashe layukan ya kai shafin sadaukarwa, ya sa sunan Inna a tsakiya ita kaɗai. Tsakuren ya zauna daram, har da sarari a ƙasa.

Na kalli shafin nan, na ce masa na gode.

Ku fa, wa ya taɓa yi muku gyara bai kunyata ku ba?