Kafintan da ke Kwanciya Ƙarƙashin Teburinsa

A bakin kasuwar Bici, Hajiya Tahira na tsaye tana jiran teburin da za ta ɗora ƙaton akwatin gilashin kifinta na ado, amma kafintan ya ƙi sakinsa. Ko sunansa ba ta sani ba. Dattijo ne siriri, gemunsa duk garin katako, idonsa ba ya zama wuri ɗaya.

"Hajiya, akwai mai rarrafe a gidan?" in ji shi.

"Akwai jikata, Aina'u."

Sai ya aro buhun dawa huɗu wajen 'yan hatsi, aka jibge su a kan teburin, wai ruwa ya fi haka nauyi. Sannan ya cire hula, ya shige ƙarƙashi, ya kwanta rigingine yana kasa kunne ko katako zai yi ƙara. Leɓɓansa na motsi, gumi na tsattsafo masa.

Ranta ya ba ta cewa wani teburinsa ya taɓa karyewa, kuma ba ƙasa kaɗai ya danne ba.

"Malam, fito don Allah!"

"Ku ƙara buhu ɗaya," in ji shi. "In zai karye, gara a kaina."