Sandar Kakansa a Tukunyar Tuwo

Da muka koma McLeansville, maƙwabcinmu wani dattijo ne Musulmi ɗan ƙasar Guyana, muna ce masa Baba. A bangon garejinsa akwai wata sanda mai faɗi a rataye, ta yi baƙi don tsufa. Ta kakansa ce. Zamanin Turawan mulki, in ji shi, kakan yankan rake yake yi, ranar hutu kuma ya buga kurket, wani wasan ƙwallo, da sandar nan. Ya ƙware har masu gonar suka sa shi a ƙungiyarsu yana ciyo musu wasa, amma in aka zauna cin abinci a waje yake tsayawa. Baba ya sha ba ni labarin nan. Ni da ban san kan kurket ba, sai dai in ce Allah sarki.

Ranar sunan 'yata ya ara mana garejin mu yi girki, don kicin ɗinmu ko juyawa ba a yi. Maza suka tafi masallaci tare da shi, ni ina ɗaki da jaririya. Sai ga Anti, ƙanwar babata mai kula da tuwo, ta shigo tana share gumi.

"Ke, muciyarki ai ta wasan yara ce. Allah Ya taimake ni na samu wata a bango, wallahi ta fi ta gida."

Na fita ko takalmi babu. Ga sandar jingine da tukunya, tuwon shinkafa ya manne mata, zafi ya tsaga ta har tsakiya, zaren mariƙin ya warware.

Ina nan tsaye Baba ya dawo. Ya ɗauke ta, ya sa farce yana ɓamɓare tuwon a hankali. Anti ta ce, "Haba Baba, ai icce ne, sai a sayo maka sabo." Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Ba komai, 'yata," ya ce min. Ya zauna ya ci tuwon, ya yi wa jaririya addu'a.

Bayan kwana biyu ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya miƙo min doguwar muciya da ya sassaƙa da hannunsa. "Saboda suna na gaba," ya ce.

Na sake haihuwa, an sake suna. Har yau ban iya sa muciyar nan a tukunya ba.