Igiyar da Na Baro a Dutsen Fagam

Mantuwa ta fara cin ƙarfina yanzu. Sai in yi ta neman carbi ina zargin jikoki, alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai yini guda da ko an jiƙa ƙwaƙwalwata an wanke ta da sabulu ba zai fita ba, wato ranar da na shiga kwazazzabon duwatsun bayan Fagam ni kaɗai, da buhu a baya da igiya a kafaɗa. Har yau in na tuna, kafaɗuna ke fara amsawa.

Sana'ata haƙar rijiya da yasarta. Daga Kangire inda aka haife ni har ƙauyukan Gwaram, da wuya ka sha ruwan tsohuwar rijiya ba ka sha gumina a ciki ba, sai dai a yi haƙuri da jin haka. Na kuma yi boko, kada a raina ni, don sai da na kai aji huɗu a firamare. Abu biyu na fito da su: duniya mulmulalliya ce, ruwa kuma gangare yake bi. Na farkon bai taɓa yi mini amfanin komai ba. Na biyun ne ya kai ni dutse.

'Yata tana aure a wani ƙauye gefen Fagam. A wata bazara rijiyarsu ta ƙafe ƙaf, na je na tarar da ita da tsohon ciki tana dawowa daga rafi mai nisa da jarka a ka. Na haƙa musu a wuri biyu, duka fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ya tare ni. Sai na ji makiyaya na cewa can cikin duwatsu akwai wani kwazazzabo mai ruwan da ba ya ƙafewa. Nan ilimin aji huɗu ya motsa. Na ce in idon ruwa ne, zan hau ta sama in biyo shi gangare, in ga ta inda yake nutsewa ƙasa, in san inda zan kafa diga.

Surukina, mijin 'yar tawa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a bari sai jibi in na gama sharar gona mu tafi tare. Wurin nan ba a shigarsa mutum ɗaya, ga shi gabas ta fara haɗa rai."

Na ce, "Kai da ko leƙa rijiya ka yi sai jiri ya ɗebe ka? Ni rami ne ofishina. Je ka yi shararka."

Kunyar surukuta ta hana shi ƙarawa. Ya dai sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke.

Na samu buhun taki na yi masa hannaye na goya shi kamar jakar 'yan makaranta. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, gorar ruwa, wuƙa, ƙaramar wayata, sai babbar igiyata ta aiki mai tufka uku. Yini na yi ina hawa. Dutsen ya ɗau zafi har ta cikin takalmin roba, ƙaya na yagar ƙwauri, buhun na cizon kafaɗa. Babu gona, babu turba, babu ko hayaƙin gidan wani, sai rema da ke leƙowa daga tsaguwar dutse, da wani garken gwaggon biri da suka zauna suna kallona kamar na zo musu zance. Na kwana a ƙarƙashin wani fa, na tashi jikina kamar an daka.

Da hantsi na isa bakin kwazazzabon. Dutse ne ya tsage gida biyu, ciki duhu-duhu, iska mai sanyi na fitowa. Hanyar shiga ɗaya ce, a sauka wani bango mai tsayin bene. Na yi murmushi. Ai wannan ko rabin rijiyoyin da nake shiga bai kai ba.

Akwai wani gamji da ya kafa saiwa a bakin wurin. Na zagaya igiyata a gindinsa na yi mata ƙullin masu rijiya, wanda ubangidana ya koya mini da rankwashi tun ina saurayi. Ƙulli ne da in an ja shi ƙara kamawa yake yi. Na gwada shi da nauyina, na yi bismilla, na sauka cikin natsuwa da gwaninta. Abin takaici ba wanda ya gani sai birai.

Ƙasan yashi ne mai laushi, bango hagu bango dama, sama ta koma 'yar siririya kamar zare. Na yi 'yar tafiya kaɗan sai ƙasa ta sake yankewa a gabana. Wani bangon ne, bai kai na farko ba, amma ya fi ƙarfin tsalle, can ƙasa kuma ga ruwa na ƙyalli. Na ce madalla, bari in ɗauko igiya.

Na koma na kama ta na girgiza. A rijiya haka muke yi, in kana son a ja ka ko a sako maka igiya, girgizawa kake yi na sama su ji. Har da ɗaga kai na ce, "To, a sako." Na tsaya ina jira, hannu a ƙugu, kamar wanda ya aika a kawo masa shayi. Sai da muryata ta buga bango ta dawo mini, sannan na tuna gamji ne a sama, kuma ni da hannuna na yi ƙullin da ba ya kwancewa.

Na ce ba komai, in hau in sake ɗauri. To a rijiya muna sassaƙa wa kanmu matakai a jikin gini, ka sa ƙafa nan ka sa can, na sama na taya ka da ja. Nan kuwa ruwa ya goge dutsen sumul kamar tangaran, kuma bangon ya ranƙwafo ta sama, ƙafa ba ta ma kai masa. Na hau da ƙarfin hannu zalla, ni da na ba hamsin baya. Da na yi tsayin mutum da wani abu, ƙarfin hannuwa ya ƙare, na zamo ƙasa da gudu, igiyar ta tafi da fatar tafukana. Na huta na sake. Na biyun bai ma kai na farko ba. Na ciro waya, babu sabis ko ɗigo, sai agogo take nuna mini, kamar shi na tambaye ta.

Ina kwance a yashin ina haki idona ya sauka kan wata tsaguwa can sama da kaina. Busasshiyar ciyawa ce cunkushe a ciki, da karan dawa, da wani tsohon silifa ƙafa ɗaya. Ba gona a dutsen nan, kuma biri ba ya sa silifa. Ruwa ne ya ajiye su a can, wato in an yi ruwan sama, inda nake kwance ƙasan kogi ne. Ban gama wannan lissafin ba na ji cida daga gabas, can nesa, a hankali.

Ban yi ihu ba, don ba mai ji. Ban ma ji tsoro yadda ya kamata ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin wadda mutum ke jin da za a bar shi ya ɗan runtsa, ruwan ya zo ya yi abin da zai yi. Na zauna na jingina da bangon. Abin da ya tashe ni tunanin 'yar nan ne da cikinta, a ce mata ubanta ya tafi nemo mata ruwa, ruwan ya kawo shi.

Sama ta gagara, saura ƙasa. Na tara duwatsu na hau, na miƙa hannu iya tsayina na yanke igiyar. Abin da na samu bai kai ko rabin bangon na biyu ba. Sai na zauna na yi aikin da nake yi wa tsofaffin gindin bishiya dariya a kansa, wato tufka. Na warware tufkar ukun, na mayar da ita biyu don ta ƙara tsayi. Na zazzage buhun na tsattsage shi na haɗa. Na cire riga na yayyaga na haɗa. Da na ga har yanzu da saura, na zare tazugen wandona, shi ma ya shiga aikin gwamnati. Duk murzawa ɗaya a cinya, tafin hannun da ba fata sai ya ce mini yana nan. A zaune na yi taimama na yi azahar, cida na matsowa, zaren saman nan ya koma baƙi.

Wannan karon ban yi ƙulli ba. Na rataya igiyar a wani dutse da ya maƙale tsakanin bangon biyu, na riƙe bakinta biyu, yadda in na sauka zan ja ɗaya ta biyo ni, don ban san bango nawa ke gaba ba. Ninkin ya cinye tsayin. Na sauka ina jin zaren buhu na tsinkewa ɗaya-ɗaya a saman kaina, har igiya ta ƙare ƙafata na lilo. Na saki bakin igiyar guda, na faɗa da ɗayan a hannu.

Ruwan ya kawo mini ƙirji. Shi ne ruwan da na yi yini biyu ina nema. Kore shar, ɗumi, da wari, ga mushen wani abu mai gashi yana yawo a gefe. Mai rijiya ba ya buƙatar a gaya masa: ba ido ba ne, ba ya tsattsafowa daga ko'ina. Ragowar ruwan bara ne da rana ba ta samun shiga ta shanye shi.

Na fito na kama gangare, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya da tsummar igiya. Yayyafi ya fara. Na ci karo da dutse na faɗi na tashi, na zame a kan wani fa da mazaunai. Gudu nake so, ƙafafun suna ba ni tafiyar mai dawowa daga jana'iza. Sai na ji wani gurnani a bayana kamar tirela na hawa tudu. Ruwan farko ya zo mini a idon sawu, ja, da ganye da kumfa. Kafin in kai inda bangon hagu ya ɗan kwanta ya kawo gwiwa yana tura ni. Na yar da igiyar, na kama saiwar wata bishiya da hannuwan nan, na ja jiki na ja jiki har na kife a kan tudu. Da na waiga, inda na fito ya cika, wani kututture na juyi a kai.

A gindin tudun na tarar da wani Bafulatani ya fake da malafarsa, shanunsa na tsaye a ruwa. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Sannu Malam. Daga ina haka?"

Na ce, "Daga aiki."

"Aikin ne ya ci rigar?"

"Har da kayan cikin wandon ya nema, na hana."

Ya yi dariya a hankali, ya leƙa ruwan da ke wucewa, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Bara ruwan nan ya ɗauke mana bijimi a nan, mai ƙafa huɗu." Ya ba ni nono a ƙwarya, shi ya riƙe mini don hannuna ba ya kamawa, ya kwanto igiyar ɗaure maraƙi ya ce in yi ɗamara. Da ita na shiga ƙauyen 'yata washegari, na tarar surukina ya tara maza za su hau dutse neman gawa. 'Yar ta zauna a ƙasa tana kuka, ni kuma ina tsaye ba riga ina ba ta haƙuri.

Surukin ya jira har aka watse, ya matso ya ce, "Baba, igiyar fa?"

Na ce, "Na bar ta tana gadin gamji."

Sai da tafukana suka yi makonni ana shafa musu man kaɗe kafin in iya riƙe cokali. A wannan zaman na yi tunanin da ban taɓa yi ba. Duk tsawon aikina ina cewa ni gwanin shiga rami ne, kuma gaskiya ne. Amma fita ba aikina ba ne, ban taɓa fitar da kaina ba ko sau ɗaya, wasu ne a sama ke jawo ni, ni kuma in fito in karɓi sannu. Rabin sana'a na ɗauka na hau dutse da ita. Saboda haka duk mai shirin sauka wani wuri, rami ne ko wata harka, ya fara ɗaga kai ya ga wa zai bari a sama, ya tabbata mutum ne mai kunne da hannu. Ni dai tun daga ranar, ko daga kan babur zan sauko, sai na dafa kafaɗar wani.