Hular Lallen Baba Nata'ala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1978, wani direba ya iske ni wurin aikin gini a Kaduna da labarin Allah ya karɓi ran Baba Nata'ala mai lalle na Sheme, bayan zazzaɓin kwana huɗu.

Baba, shekara goma sha biyu shinge ɗaya ya raba garkata da taka. Kowa ya iya yankan lalle, amma kai ba ka barin kututture tsirara. In ka yanke bayan damina, sai ka barbaɗa toka, ka lulluɓe gindin da ƙaiƙayi da busasshen ganye don laima ta zauna, ka kewaye da ƙaya saboda awaki. Kakan ce, "In ka yi ma mutum aski, ai sai ka sa mashi hula."

Na taɓa kwaikwayonka da garaje. Na tula ƙaiƙayi har ya rungume itacen, gara ta cinye mini rabin garka. Ka zo ka duba, ka yi dariya har da riƙe ciki. "Mamuda, hula na ce, ba rawani ba! Bar mashi tazarar tafin hannu ya sha iska." Da damina ta faɗi, ka cike mini gurbin da dashe daga naka.

Da aikin kwangila ya kwashe mu zuwa birni, na ce ka huta da wahalar nan. Ka ce lallen nan shi zai riƙe matarka Goggo Fatsuma ran da ba ka. Na ɗauka zancen tsufa ne. Yau ina jin kunyar wannan zato.

Na iso an riga an kai ka. Goggo ta ja ni garka, ta nuna mini layi biyu na ƙarshe, yankakku, babu hula, ga kwando a kife inda zazzaɓi ya kama ka. Ta ce, "Har ya cika yana faɗin rana za ta ƙone su."

Na ƙarasa maka, Baba, da tazarar tafin hannu. Ƙayar da ka sara ta yi saura, ita na kai na rufa a kabarinka.

Allah ya jiƙanka, ya lulluɓe ka da rahamarsa, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa Goggo Fatsuma da ɗanku Audi da mutanen Sheme ta'aziyya, Allah ya ba mu haƙuri. Jiya Goggo ta aiko a gaya mini layi biyun nan sun yi toho.