Abin da Ya Sa Na Yi Amai a Katangar Malam Habu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan ba, amma duk abin da aka faɗa a kaina a Matameye ya zo kunnena. Wasu sun ce karayar arziki ce ta ramar da ni, wasu sun ce sammu. Wanda ya ce ƙanjamau ne ma na san shi, na san ubansa. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ɗiyata Rabi ke rubutawa, na kuma hana ta gyara mini magana.

Gaskiyar ita ce, tumbina aka rage.

Ƙiba ce ta so kashe ni. Da fari sujada ta gagare ni, na koma salla a kujera. Ƙafafu suka kumbura. In ina barci numfashi ya tsaya, sai Hajiya Indo, uwar Rabi, ta zungure ni. A Damagaram aka yi analiz na jinina, aka ce suga, aka ce tansiyo, wato hawan jini. Likita ya ce, "Baba, zuciyarka ta gaji da ɗaukar ka." Na ce ni dai ba ta taɓa kawo mini ƙara ba.

Aka ce aikin sai Kano. Lokacin sojoji sun karɓi mulki, iyaka a rufe. Ta bayan Ɗan Barto muka ratsa daji. 'Yan kabu-kabu suka dube ni sama da ƙasa, kowa ya ce babur ɗinsa ba lafiya. A amalanke na tsallaka kamar buhun taki. Shanun nomana kaf suka tafi a kuɗin asibiti.

Ranar da za a shiga da ni na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na yafe wa kowa, ban da mutum biyu.

Na farfaɗo, aka fara ba ni romo a cokali kamar jinjiri, daga baya kunu tsararo. Aka ce nan gaba loma kaɗan za ta cika ni, in na ƙara za ta dawo.

A shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Da wane baki zan ce na sayar da shanu don a rage mini ciki, alhali mutane abin sa wa cikin suke nema? Na ce wa gidana kowa ya ja bakinsa.

A unguwarmu bayan magariba kowane magidanci kan fito da kwanon gidansa, mu zauna ƙofar gidan Malam Habu mu yi ciyayya, kwano bayan kwano. Malam Habu aminina ne tun muna samari, kuma farin ya fi buga shi. Ranar da na koma, nasa aka fara buɗewa: tuwon rabinsa dusa, miyar ba ɗigon mai. Na ci iya cikina. Kunya ta sa na ƙara. Sai na miƙe da sauri na amayar a gindin katangarsa, kowa na kallo.

Washegari kwanonsa bai fito ba, shi ma bai fito ba. Ya aiko cewa ba zai ƙara ɓata wa masu hali ciki ba. Ni ma na hau dokin zuciya: ni ke ciwo, kuma ni za a yi wa fushi? Muka daina gaisawa, har a masallaci.

Tun a Kano likita ya sa lambar wayata a gurup na waɗanda aka yi wa irin aikin. Murya ake turawa, ba sai ka iya karatu ba. Na ce ba zan zauna da matan birni muna hirar gyatsa ba. Rabi ta riƙa kunna mini dole. A can na koyi tauna sosai, da jinkirta ruwa bayan abinci, da cewa zubar gashi ba mutuwa ba ce.

Wata rana na kai ƙarar Malam Habu can, ina jiran a ba ni haƙuri. Sai wata Hajiya Balki daga Maraɗi ta ce, "Baba, kai ne ba ka da gaskiya. Mutum ya rage daga bakin 'ya'yansa ya ba ka, ka zubar masa a katanga, ka kuma ɓoye dalili. Je ka ɗaga masa riga."

Na fita daga gurup ɗin. Rabi ta maido ni. Na tarar maganar suke yi har yanzu, ba ko mutum guda a bayana.

Na je wurin ciyayya, na sa aka yi sallama da Malam Habu. Ya fito fuska a ɗaure. Na ɗaga riga har wuya. Ga tabban aikin, ga fata na reto kamar salkar da ba ruwa. Na faɗi komai.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji, a nan shanun suka shige?"

Na ce a nan.

Ya ce, "Da ka yi shawara da ni. Mu bana kyauta aka rage mana."

Aka yi ta dariya har wani ya ƙware. Ni ban yi ba, don ban ga abin dariya ba. Ya shiga gida, ya fito da kwano da hannunsa, ya ajiye a gabana.

Alhamdu lillahi, yau ina sujada, suga da tansiyo sun sauka. Na gode wa likitoci, da Hajiya Indo, da Rabi. Hajiya Balki ma na gode, amma a rage kaifin baki, na girme ta.

Wanda aka yi wa aikin nan, kada ya fasa shan ƙwayoyin ƙarin jini, kada ya fasa komawa awo, ya nemi irinsa ya saurare su ko ba su yi masa daɗi ba. Kuma kafin ka sa hannu a kwanon mutum, gaya masa iyakar cikinka. Yanzu Malam Habu da kansa ke riƙe mini hannu in na kai iyakata, ya ce, "Ya isa, Alhaji. Sauran namu ne."