Fiton Kawu Shahhat

Duk unguwarmu ta Imbaba an san Kawu Shahhat da abu biyu: kiwon tattabaru da saurin hannu. Tun da wata jinya ta karkata masa baki ya daina iya fito, sai ya dogara da tsohon fitonsa da aka naɗa a waya. Kullum da yamma yakan saki tattabarun, in sun gama shawagi ya kunna, su sauko.

Ran nan wayar ta sabunta kanta. Ya danna, ya danna, fito ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Yana ji yana gani tattabarun suka gaji, suka sauka a rufin maƙwabcinsa Abdul'ati. A ƙa'idarmu ta masu kiwon tattabaru kuwa, wadda ta sauka a rufinka ta zama taka.

Shahhat ya haura can da sandar korar tattabaru.

"Sannu da zuwa, Kawu," in ji Abdul'ati yana dariya. "Yi musu fito mana!"

Sanda ta sauka a bakin Abdul'ati, haƙora suka zube. 'Ya'yansa suka rufar wa Shahhat, suka fasa masa kai, suka karya masa hannu, suka hankaɗo shi daga matakala. Mu muka kwashe shi jina-jina.

A asibiti ƙanwarsa ta kawo wayar daga wurin gyara. An ce lafiyarta ƙalau, fiton ne dai ya tafi. Ya karɓa ya maka ta da bango. Sai ya tsuke leɓe, ya hura, ya sake hurawa. Iska kawai ta fito.